Aron Katin Bara'atu

Ranar Laraba ce, hantsi ya ɗaga, ina juya kifi a kan banda, sai na hango Bara'atu tafe daga mashigar jirage da ƙullin kaya a ka. Ba yarinya a hannunta. Bara'atu ita ce autata. Shekara bakwai da aurenta gidan Cindo, a tungar da ke gaba da tamu nan ƙasar Ngaski, ban taɓa ganin ta zo gida ba sai da dalilin suna ko biki. Da na ga ƙullin nan na san ba gaisuwa ta kawo ta ba.

"Ina Mufida?" na ce, tun ba ta sauke kayan ba.

"Uwarshi ta riƙe ta."

"Ke fa?"

"Ya ce in taho gida sai ya neme ni."

Na ba ta ruwa ta sha. Ban matsa mata ba, na ci gaba da juya kifina, don na san ɗiyata, in ka tsare ta da ido sai kuka ya riga magana. Can ta fara da kanta.

Wai wata biyu ke nan saƙo na shigowa wayar Cindo. Shi bai iya karatun boko ba, ya ɗauka na kamfanin waya ne da ke damun mutane da tallar waƙa. Jiya ya kai kifi kasuwar Yelwa, ya biya wajen wani mai kyamis sayen maganin mura, saƙon ya sake shigowa, sai ya miƙa mishi ya ce duba min wanga abu da ya ƙi ƙarewa. Mai kyamis ya karanta: Bara'atu Cindo, maganinki ya ƙare, ki zo ɗaki na shida ki karɓa. Ya ɗaga kai ya ce, wace ce Bara'atu? Cindo ya ce iyalina ce. Sai mutumin ya ja shi gefe ya ce mishi ɗaki na shida a asibitin hayi, ciwo ɗaya ake ba magani a cikinshi. Ƙanjamau.

"Inna, wallahi tun haihuwar Mufida ban sake taka asibitin nan ba," in ji Bara'atu. "Na rantse mishi, ya ce na'ura ba ta san ni ba balle ta yi min sharri."

Wuƙar da ke hannuna ta faɗi cikin toka. Na san ba ƙarya take ba. Na kuma san wadda ake nema.

Ni Dudu, shekara arba'in ina ungozoma a bakin ruwan nan. Rabin mutanen da ke tura jirgi yau daga nan har Shanga ni na yanke musu cibi. Saboda haka mata ni suke kawo wa katinsu na asibiti in ajiye, don ɗakinsu da yara da ruwan sama da ɓeraye. Ina da kwalla guda ƙarƙashin gado, katuna sun fi talatin a ciki. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma kowane kati na san mai shi: wanga manja ya taɓa shi, wancan kunnenshi ya yage, na Bara'atu kuma na ɗaure shi da jan zare.

To mu a nan kati awa turmi ne ko rariya. Aro ake yi. Mace ta tashi da ciwo, ba ta da kati, in ta ce sai ta yanki sabo, layin yankan kati kaɗai zai cinye mata yini, jirgin komowa shi tafi shi bar ta a hayi. Sai ta zo wajena in zaro na wadda shekarunsu sunka yi kusa in ba ta. A kira sunan, ta amsa, a duba ta, ta maido min. Likita jiki yake dubawa, ba suna ba. Haka munka taso muna yi, ba wanda ya taɓa mutuwa da shi.

Shekara uku da sunka wuce na ba Tabawa katin mai jan zare.

Tabawa maƙwabciyata ce, katanga ɗaya. Mijinta Tanimu shi ke bin motar busasshen kifi zuwa kudu, ya yi jinya ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Bayan ta fita takaba ta kama tari da rama. Ta tafi da katin, ta dawo da la'asar ta shigo ɗakina ta ja ƙyaure, ta gaya min abin da anka gani a jininta. Ni kaɗai ta gaya wa. An ɗora ta kan magani da sunan Bara'atu, tunda shi ne a katin. Na ce ta riƙe katin, ai Bara'atu ba ta da buƙatarshi yanzu. Ban tuna ba cewa ranar da anka yanki katin nan, lambar wayar Cindo anka rubuta, don ita kaɗai ce waya a gidan.

Da ma takarda ce kawai, da tana can cikin kwali tana shan ƙura har a tashi duniya. Amma bara sun kwashe takardun duka sun zuba cikin kwamfuta. Ita kuwa ba ta mantuwa, kuma ba ta da kunya.

Na ce wa Bara'atu ta shiga ta kwanta. Na yafa gyale na zagaya gidan Tabawa.

Na iske ta zaune gindin bandarta, wuta ta mutu ba ta hura ba. Kullum ina jin muryarta ta bayan katanga, amma na kwana biyu ban tsaya na dube ta da kyau ba. Wuyanta ya zama awa na tulu. Gefen bakinta duk ya farfashe.

"Tabawa, yaushe rabonki da ɗaki na shida?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake."

"Wata huɗu, Inna."

"Wata huɗu! Kina nan katanga ɗaya da ni, kina aiko min da miyar kuka, ba ki iya buɗe baki ba?"

Ta ce ranar da ta je ta tarar an kawo wata na'ura mai jan haske, kowa sai ya ɗora babban yatsa kafin a ba shi magani, a kuma ɗauki hotonshi. Wata mata a layi ta ce na'urar ta san yatsan kowa tun daga katin zaɓe, in ka zo da sunan wani nan take za ta yi ƙara a kira 'yan sanda. Tabawa na jin haka ta ce za ta zagaya bayi, ta fita ta ƙofar baya, ba ta sake komawa ba.

Na gaya mata abin da ya sami Bara'atu. Ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, don 'ya'yanta na tsakar gida.

"Inna, in kin faɗi sunana ba wanda zai sake sayen kifina. Dangin Tanimu za su kwashe yaran nan. Su ce ni na kashe musu ɗan'uwa, kin san su." Ta kama bakin zanena. "Gara ki bari in shiga ruwa da kaina, wallahi ya fi min sauƙi."

"Rufe min baki. Ruwan ubanki ne?"

Na fizge zanena na fito. Amma a ƙofa na tsaya, don daga nan ana hango tsakiyar tafki, daidai inda jirgin kasuwa ya kife shekara goma sha biyu da sunka wuce. Ɗana Arzika na ciki. Mutum tara sunka tafi ranar. Tanimu ne ya nutsa har sau uku ya fiddo min Arzika ta gashin kai, ya danna mishi ciki a kan yashi har ya yi amai ya buɗe ido. Da na je godiya cewa ya yi, Inna, ai ba komai. Ni kuwa a wajena komai ne. Wanda ya ara min gishiri ina sane, wanda ya hana ni wuta ina sane, balle wanda ya maido min da ɗa. Tanimu ya mutu ban rama mishi ba. Abin da ya bari a duniya shi ne matar nan da yaran nan.

Da na koma gida Bara'atu na zaune bakin gado, kwallar katuna a cinyarta, ta zazzage su duka.

"Ina nawa, Inna? Mai jan zaren?"

Na sunkuya ina tattara katunan.

"Wa kika ba?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ba za ki faɗa ba?" Ta miƙe tsaye. "An raba ni da ɗiyata, ana nuna ni da baki a tunga biyu, ke kin san mai abin, kuma ba za ki faɗa ba? Ni kika haifa ko ita?"

"Ke na haifa. Shi ya sa za ki koma ɗakinki. Ki bar min sauran."

"Da me za ki maida ni? Da addu'a?"

A lokacin ni ma ban san da me ba. Kwana uku ba ta ci tuwona ba, sai fura da take damawa da kanta.

Na aika aka gaya wa Cindo cewa ranar Litinin ina son shi same mu a asibitin hayi, a gwada jininshi da na matarshi a gaban idonshi. Suruka ba ta aika wa suruki kira sai babban abu, saboda haka bai iya ƙi ba. Munka shiga jirgin safe, ni da Bara'atu a baya wajen inji, shi can gaba ya ba mu ƙeya har munka sauka. Da munka taka tudu ya zo ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, idonshi a ƙasa, kamar yadda ya saba tun ranar da ya fara neman ɗiyata. Ko a cikin fushi bai bar wannan ba. Na lura, na ajiye a raina.

Ɗaki na shida yana can ƙarshen baranda, bayan wajen wanki. Wata ma'aikaciya ce a ciki, Malama Sumayya, 'yar siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar Bara'atu ba. Ta saurare mu har munka gama, ta tambayi Bara'atu ko ta yarda a buɗe bayananta gaban mijinta. Bara'atu ta ce a buɗe har gaban sarkin ruwa in ana so.

An soki yatsan kowannensu, aka ɗiga a kan wasu 'yan tsinkaye farare. Munka zauna muna kallon tsinkayen nan awa masu jiran tukunya ta tafasa. Can Malama Sumayya ta ce, "Alhamdu lillahi. Ku duka biyu ba ku da shi."

Bara'atu ta fashe da kuka. Na ce a raina an gama. Ashe ba a fara ba.

Cindo bai ko motsa ba. Ya ce, "Malama, an gaya min maganin nan in mutum ya daɗe shina sha, ciwon ɓuya yake yi, a gwada ba a gani ba."

"Ba a irin wannan gwajin ba, Malam. Wanda ya gaya maka ya haɗa abu biyu ne."

"To na'urarku me ta ce?"

Ta juya ta danna, ta daɗe tana kallon gilashin. Ta ce, "An rubuta Bara'atu Cindo ta karɓi magani tsawon shekara uku, ta daina wata huɗu da sunka wuce."

"Shekara uku," in ji Cindo. "To ko tsinken nan ya yi ƙarya, ko na'ura ta yi ƙarya. Wanne zan ɗauka in kai wa uwata? Maganin ba aljani ya sha ba. Mutum ne ya zo nan da ƙafarshi sau nawa, aka kira sunan matata ya amsa. In ba ita ba ce, a nuna min shi. In ba a nuna min ba, ni na gama."

Malama Sumayya ta ce wataƙila kuskure ne, za a bincika, za ta rubuta sama. Ya ce shi bai san sama ba, ƙasa ya sani. Ya dafa gwiwa zai tashi. Bara'atu ta juyo ta kalle ni. Na ji abin da idon ke faɗi: Inna, yanzu ne ko ba yanzu ba.

Sunan Tabawa na kan harshena. Wallahi ya zo har bakin haƙora.

Na ce, "Zauna, uban Mufida. Ni ce."

Duk sunka juyo suna kallona.

"Katin a kwallata yake, kowa ya sani. Ni na ɗauka na zo da shi, don ina jin kunyar a kira sunana a ƙofar nan. Ni ke shan maganin. Ɗiyata ba ta sani ba sai yau."

"Inna!" in ji Bara'atu.

"Ke yi min shiru."

Ba haka kawai na faɗa ba, na auna kafin in buɗe baki. Da wata na nuna mishi, ko wace ce, zai ce a kawo ta a soki yatsanta shi gani. Zai tambaye ta a ina ta samo, yaushe, wa ya sani. Amma ni surukarshi ce. Mutumin da bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kallon tsakiyar idona ba, ba zai iya cewa a zubar da jinina shi duba ba. Ba zai iya tambayata yadda anka yi na samu irin wannan ciwo ba, ko da wuƙa a wuyanshi. Duk bakin ruwan nan ba a haifi surukin da zai iya ba.

Haka kuwa anka yi. Cindo ya zame daga kan benci ya durƙusa a siminti. Gumi na bin goshinshi. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Allah shi ba ki lafiya. Allah shi sa kaffara ne." Ya ja da baya har ƙofa, ya ce wa Bara'atu a hankali, "Ki same ni bakin jirgi, mu wuce gida."

Bara'atu ta tsaya tana kallona. Na ce, "Tafi mana. Ko sai ya sake tunani?" Ta fita.

Saura ni da Malama Sumayya. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi.

"Inna, wadda ke cikin na'urar nan shekarunta talatin da shida. An rubuta tana shayarwa sadda ta fara zuwa."

"To?"

"Ke ba ita ba ce."

"Ke na gaya wa, ko shi?"

Ta kusa yin dariya, ta danne. Ta ce, "Tana raye?"

"Da sauranta."

"Ki kawo min ita, don Allah, cikin makon nan. Wata huɗu ba wasa ba ne. Me ya hana ta zuwa?"

Na nuna mata na'urar mai jan haske da ke kan tebur. Na gaya mata abin da anka faɗa a layi. Ta dafe kai ta ce ba ruwan na'urar da katin zaɓe, ba ta kiran kowa, an kawo ta ne don kada a ba mutum maganin wani, kuma don a san wanda ya daina zuwa a neme shi tun bai kwanta ba. Ta ce saƙon nan ya dawo da mutane da yawa da sunka kusa mutuwa a gida.

Na ce, "Ɗiyata, ban musa ba. Da bai shigo ba, da ban san maƙwabci... da ban san ta daina sha ba sai an zo wanka. Amma ku da kunka yi karatu, ba wanda ya tambaya a cikinku wayar wa ke gidan masunci? Mace nawa ke da waya a tunga? Kun ɗauki sirrin mace kun aika aljihun mijinta."

"Ai saƙon bai faɗi ciwon ba, Inna."

"Ya faɗi ƙofa. Akwai wanda bai san ƙofar nan ba daga nan har Birnin Yauri?"

Ta ɗauki biro ta rubuta wani abu a takarda ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ta ce, "Ku ma aron katin nan ku bari. Da jini za a ƙara wa Bara'atu wata rana, ko tiyata, bayanan wata za a bi."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce na ji.

Na ce ta goge sunan ɗiyata daga ciki yanzu ina kallo. Ta ce ba ta da iko, sunan ya riga ya hau can sama, sai ta rubuta takarda a bi ofis-ofis, zai ɗauki watanni. Abin da za ta iya yau shi ne canza lambar waya. Ina da wata tsohuwar waya da Arzika ya ba ni, ƙulle a bakin zane, ban san lambarta ba, amsawa kawai nake. Na kwance na ba ta, ta kira tata da ita ta kwafe lambar. Ta ce daga yau saƙon wajena zai riƙa zuwa.

Ranar Alhamis, da ba kasuwa ba kowa a jirgi, na tasa Tabawa gaba. Na ce wa masu tambaya rakiya ta yi min, kuma ba wanda ya yi mamaki, don labarina ya riga ni isa. A ɗaki na shida ta riƙa janye hannu har sai da na kama yatsan da kaina na danna a kan jan hasken. Na'urar ba ta yi ƙara ba. Ba ɗan sanda. Aka yanka mata kati da sunanta da na ubanta, aka bar wajen lambar waya fari. Malama Sumayya ta ɗibi jininta, ta ce mai yiwuwa maganin farko ba zai ƙara kama ta ba saboda tsayawar da ta yi, sai sakamako ya dawo a gani. A jirgin komowa Tabawa ta yi ta kuka tana cewa me za ta yi min. Na ce ta sha maganinta, ta daina jiƙa min gyale. Tsakanina da Tanimu ne, ba da ita ba.

Cindo uwarshi kaɗai ya gaya wa, ita kuma ƙanwarta kaɗai, kafin Juma'a har masu saƙar taru a Shanga sun ji. Bara'atu ta koma ɗakinta, an ba ta ɗiyarta. Abin da na fita nema na samu.

Sauran kuwa ga shi. Mata sun zo ɗaya bayan ɗaya sun karɓe katunansu, kowace ta tsaya daga bakin ƙofa ta miƙo hannu da gefen gyale. Ban hana ba, da ma na yi niyyar maida musu. Matar Umaru mai gyaran inji, wadda na karɓi haihuwarta sau biyar, naƙuda ta kama ta da rana tsaka, ina jin nishinta daga tsakar gidana, ba a aiko ba. Sun sa ta a jirgi, ta haihu a tsakiyar ruwa a hannun matuƙi da kishiyar uwarta. Na wanke rezata da zarena na ajiye. Kifina yanzu Arzika ke kai min kasuwa cikin nashi, kada a san bandar da ya fito. Shi ma in ya zo gaishe ni ba ya daɗewa. Ban gaya mishi gaskiya ba, don bakinshi bai da murfi.

Abin dariya, dangin Tanimu sun aiko wa Tabawa da gargaɗi, wai ta rage shiga gidana saboda yara.

Jiya Bara'atu ta kawo min Mufida. Na dama fura a ƙwaryata na sha, na miƙa wa yarinyar kamar kullum. Ta ɓoye hannu a baya ta ce, "Kaka ta ce kar in sha a ƙwaryarki."

Na ce, "Ke tafi can, mai kan gwangwani. Da ma rowa nake ji, kin hutar da ni."

Ta yi dariya ta ruga waje. Bara'atu ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta kafa kai ta shanye tas, ta dire ta da ƙarfi.

"Har yaushe, Inna?"

"Har yaushe me?"

"Na san ko wace ce. Na ga wuyanta ranar da na zo. Kalma ɗaya zan faɗa wa Cindo a wanke ki."

"Ki faɗa, in tsine wa nonon da kika sha."

Ta share ido. Sai ga waya ta yi ƙugi a cikin kwalla ƙarƙashin gado, inda nake ajiye ta yanzu tunda katunan sun tafi. Kwalla ba komai a ciki, ƙarar ta cika ɗakin. Bara'atu ta yi aji uku a firamare, tana iya haɗa baƙi. Ta jawo ta duba, ta karanta a hankali, tana bin rubutun da yatsa.

"Bara'atu Cindo, maganinki ya ƙare."

Na karɓe wayar na maida cikin kwalla na rufe murfin. Na ce ta tashi ta nemo ɗiyarta, jirgin la'asar ba ya jiran kowa.